Madamƙin Injin Sassaƙa: Abin da ke Riƙe Shi da Abin da ke Kwance Shi

Amarawa gari ne da ke bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, cikin Ƙaramar Hukumar Illela ta Jihar Sakkwato. Daga birnin Sakkwato zuwa Illela tafiya ce ta sama da kilomita 80 ta fuskar arewa, wanda kuwa ya gota Amarawa kaɗan, to ya doshi Birnin Ƙonni ke nan a Jihar Tawa. Mutanen ɓangarorin biyu harshensu ɗaya, suna auratayya, suna cin kasuwannin juna. Sai dai akwai wani abu da mulkin mallaka ya raba musu, wato ma'auni. Kafintan Nijeriya ya gaji inci da ƙafa daga Turawan Ingila, kuma har yau da su yake sayen katako, duk da cewa ƙasar ta koma ma'aunin mita tun shekarun 1970. Takwaransa na Ƙonni kuwa santimita da milimita ya gada daga Faransawa. A wajen awon ƙofa ko taga, wannan bambanci ba ya wuce 'yar gardama. Amma a jikin injin da ke juya ƙarfe mai nauyin kilo 2 sau 1,000 a cikin minti ɗaya, saɓanin milimita guda yana iya zama sanadin rasa ido ko haƙora, ko ma rai.

Injin da ake magana a kansa shi ne injin sassaƙa mai juyi, wanda kafintoci ke fitar da ƙafafun gado da na tebur da shi, da kuma kwanonin katako. Masassaƙin gargajiya yana ajiye icce ne wuri ɗaya, ya riƙa zagaya shi da gizago har turmi ko akushi ya fito. Wannan inji kuwa ya juya lamarin: iccen ne ke zagayawa da gudu, mai aiki yana riƙe da kurfi a kan majingina, yana tura shi sannu a hankali. Dabarar tsohuwa ce. Akwai zanenta a kabarin Petosiris a ƙasar Masar, wanda aka yi kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), inda mutum ɗaya ke jan igiya ɗaya na sassaƙa. A kasuwar Marrakesh ta ƙasar Maroko ma an san masu juya icce da baka da tsirkiya, suna taimaka wa kurfi da yatsun ƙafa. Irin waɗannan ba su da haɗari sosai, domin da zarar hannu ya tsaya, icce ya tsaya. Moton lantarki shi ne ya kawo saurin da ya sauƙaƙa aikin, shi ne kuma ya kawo haɗarin.

Idan ƙafar tebur za a yi, akan matse iccen ne tsakanin tsinaye biyu, ɗaya a kan injin, ɗaya a madogarar baya. Idan kuwa kwano za a rarake, dole a bar fuskarsa a buɗe, saboda haka sai a riƙe shi ta gindi kaɗai. Ƙarfen da ke wannan riƙo shi Turawa ke kira cok, a nan kuwa za a kira shi madamƙi. Dunƙulen ƙarfe ne mai muƙamuƙai 4 waɗanda ke matsowa tsakiya tare idan an murɗa mabuɗinsa. Masu aikin ƙarfe sun daɗe da irinsa, amma wanda aka ƙera musamman domin katako bai yaɗu ba sai daga ƙarshen shekarun 1980. Madamƙi yana da mahaɗa biyu: inda ya kama sandar injin ta baya, da inda ya kama icce ta gaba. Yawancin masu koyo suna kula da ta biyun, saboda ita ido ke gani. Ta farkon ce ta fi buƙatar bayani.

Juyi shi ke ɗaure shi, juyi shi ke kwance shi

Bakin sandar injin yana da zanen murɗi irin na ƙusa mai noti, wanda makanikai ke kira tiredi, kuma a kansa ake murɗa madamƙi kamar yadda ake murɗa noti. Tiredin na dama ne, wato yana ɗaurewa idan an murɗa ta inda hannun agogo ke bi. Ita kuwa sandar, idan mutum ya tsaya ta wajen madogarar baya ya dube ta, zai ga tana juyawa ne saɓanin hannun agogo, ta yadda saman iccen ke gangarowa wajen mai aiki. Da gangan aka tsara haka. Yayin da kurfi ya ci icce, yana ƙoƙarin tsayar da shi ne, sandar kuwa tana ci gaba da juyawa, saboda haka madamƙin sai ya ƙara shigewa. Ke nan duk yankan da aka yi ƙarin ɗauri ne. Wanda ya taɓa kwance fiffiken fanka ta tsaye ya ga irin wannan dabara, domin a yawancinsu murfin da ke riƙe fiffiken yana ɗaurewa ne ta hagu, don kada juyin fankar ya kwance shi. Haka ma tsofaffin injinan sassaƙa masu baki biyu, bakin da ke ta waje tiredin hagu gare shi.

Matsalar ita ce wannan tsari yana aiki ne muddin sandar ce ke jan madamƙi. A shekarar 1687 Isaac Newton ya bayyana cewa duk abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiyarsa sai in wani ƙarfi ya hana shi. Fasinjan da ke cikin mota a hanyar Sakkwato zuwa Illela ya san wannan doka a jikinsa, ko da bai taɓa jin sunanta ba: direba na taka birki, sai ya ji an ingiza shi gaba. Abin da ke juyawa ma haka yake. Idan sandar ta tsaya farat ɗaya, madamƙi da iccen da ke bakinsa suna so su ci gaba da juyawa, kuma ɓangaren da suke juyawa shi ne daidai ɓangaren kwancewa.

Lissafin abin a taƙaice yake. A ɗauka cewa madamƙi ya shiga sandar da zagaye 7, injin kuma yana juyi 1,000 a minti ɗaya, wato kusan 17 a daƙiƙa. In sandar ta tsaya cak madamƙin bai tsaya ba, zai gama kwance zagayen nan 7 a ƙasa da rabin daƙiƙa. Babu ɗan Adam ɗin da zai gani, ya gane, ya kauce a cikin wannan lokaci. Kuma gwargwadon faɗin icce da nauyinsa, gwargwadon ƙarfin da yake fizgar madamƙin da shi. Shi ya sa injinan zamani masu birkin lantarki suke buƙatar a saita su su tsaya sannu a hankali in ana aikin babban kwano.

Hanya ta biyu da madamƙi ke kwancewa ita ce juyin baya. Wasu injinan suna da makunnin da ke mayar da juyi baya, domin masu aiki suna son haka wajen gugar samfefa. Da an juya baya, duk abin da ya taɓa iccen kwance madamƙi yake yi. Akwai kuma juyin bayan da ba a nema ba. Moton lantarki mai layi uku yana sauya fuskar juyinsa idan aka musanya biyu daga cikin wayoyinsa. A wurin da ake yawan sauya wuta tsakanin ta gari da ta janareta, ko aka kai moto naɗi aka dawo da shi, abu ne mai sauƙi a haɗa wayoyin ba yadda suke a da ba. Saboda haka bayan kowane gyaran wuta, ya wajaba a kunna injin babu komai a bakinsa, a duba ɓangaren da sandar ke bi.

Maganin da maƙera suka yi wa wannan shi ne wani ɗan sukuru marar kai da ke gefen wuyan madamƙi, wanda ake ɗaurewa da alanki. Yana sauka ne a wani kwarmi ko wani wuri mai santsi da aka tanada a bayan tiredin sandar, ya hana madamƙin komawa baya. Ƙanƙantarsa ta sa ake raina shi, ya faɗi cikin garin katako a ƙi nemansa. Injin da babu wannan sukuru a madamƙinsa bai kamata a juya shi baya ba ko sau ɗaya. Idan kuma sandar ba ta da wurin saukarsa, ɗaure shi a kan tiredi kai tsaye yana tauna haƙoran, ya lalata sandar da ta fi madamƙin tsada.

Inci da milimita

Kafin ƙarni na 19 kowane maƙeri a Turai yana yanka tiredinsa yadda ya ga dama, notin wani ba ya hawa ƙusar wani. Joseph Whitworth ne ya fito da ma'auni ɗaya a Ingila a 1841, mai kusurwar digiri 55. A 1864 William Sellers ya kawo na Amurka mai digiri 60. Ƙasashen da ke bin ma'aunin mita su ma suka tsayar da nasu, wanda ake auna tazarar haƙoransa da milimita. Wannan tarihi ne ya sa har yau bakin sandar injin sassaƙa bai zama iri ɗaya ba. Ƙananan injina da yawa suna da kaurin inci 1 da haƙora 8 a kowane inci. Manya na tsarin Amurka suna da inci 1¼, su ma da haƙora 8. Na Turai kuwa galibi M33 ne, wato kaurin milimita 33 da tazarar milimita 3.5 tsakanin haƙori da haƙori.

A garin kan iyaka, inda kayan aiki na hannu ke shigowa ta kudu da ta arewa, kuma ake sayen inji a wani wuri madamƙi a wani, haɗuwar waɗannan ma'aunai ba abin mamaki ba ne. Mafi haɗari a cikinsu su ne biyun ƙarshe, saboda kusancinsu. Inci 1¼ daidai yake da milimita 31.75, tazarar haƙoransa kuwa milimita 3.175. Ido ba ya raba shi da M33. Madamƙin M33 yana iya hawa irin wannan sanda ya yi 'yan zagaye, amma a kowane zagaye ana samun saɓanin milimita 0.325. Kafin zagaye 5 saɓanin ya kai milimita 1.6, wato kimanin rabin tazarar haƙori, sai ya cije. Mai aiki ya ji ya yi tauri, ya ɗauka ya ɗauru, alhali kuwa tsinin haƙora kaɗan ne ke riƙe da shi, kuma a karkace.

Rarrabe su ba ya buƙatar kayan awo masu tsada. A danna farar takarda a kan tiredin sandar har haƙoran su yi mata shaida, sa'an nan a auna tazara 6 da rula. In an sami milimita 21, M33 ne. In an sami 19, na inci ne. Yawancin madamƙai ana sayar da su ne da wani zobe mai tiredi ciki da waje, wanda ke daidaita su da sanda iri-iri, kuma sayen zoben da ya dace ya fi arha a kan kowace dabara. Sai dai a tuna cewa zoben ya ƙara mahaɗa ta uku, shi ma sai an ɗaure shi tam a jikin madamƙi. Naɗa leda ko zare a kan tiredi don ya cika, kamar yadda ake yi wa bututun famfo, ba shi da wuri a nan.

Ko da tiredi ya dace, ba shi ne ke daidaita madamƙi ba. A bayan tiredin akwai wata kafaɗa mai faɗi a jikin sandar, kuma sai bayan madamƙi ya zauna a kanta daram, ƙarfe da ƙarfe, sa'an nan zai juya babu layi. Gogayyar da ke tsakanin fuskokin nan biyu ita ce kuma ke hana shi motsi. Ƙwayar yashi ko ɓarɓashin katako guda ya isa ya hana wannan zama, kuma a ƙasar da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, goge kafaɗar da tiredin da burushi kafin kowace ɗaura ba ƙaƙale ba ne. Akan ɗiga mai kaɗan, ba giris mai yawa ba, don giris yana tara ƙura. Sa'an nan a cire wuta daga soket, a kulle sandar, a tallabi madamƙi da hannu biyu a murɗa. Wanda ya dace yana tafiya sumul har kafaɗa ba tare da an sa ƙarfi ba, in ya cije a hanya to akwai dalili, sai a fitar a duba. Idan ya isa, sai a ɗan ƙara masa ɗauri da sifana ko sandar da aka tanada, a bi da ɗan sukurun nan. Masu kunna inji don sandar ta haɗiye madamƙi da kanta suna samun ɗayan biyu: ko ya hau a karkace, ko ya buga kafaɗa da ƙarfin da sai an sha wuya kafin ya fita.

Icce da sauri

Ta gaba kuwa, akan fitar wa iccen wani ɗan dunƙule a gindi wanda muƙamuƙan za su kama. Ya kamata siffarsa ta bi ta muƙamuƙan, faɗinsa ya kai kimanin kashi ɗaya cikin uku na faɗin kwanon, kuma kada tsawonsa ya kai ƙasan muƙamuƙan, domin a kan leɓensu ake so iccen ya zauna. Muƙamuƙai sun fi riƙo idan sun kusa rufewa, lokacin da suka yi da'ira cikakkiya. In an wage su sosai, gefunansu kaɗai ke taɓa icce, ga shi kuma sun fito waje suna jiran yatsa. Irin iccen ma yana da magana. Ƙirya, wadda masassaƙa ke so saboda turmi da taɓarya, tana da tauri da nauyi, maɗaci da dogon yaro sun fi ta sauƙin yanka. Ɗanyen icce kowane iri yana matsewa a ƙarƙashin muƙamuƙai, yana kuma bushewa da sauri a zafin Sakkwato, saboda haka wanda aka ɗaure da safe yana iya yin sako-sako kafin azahar. Sai an riƙa tsayawa ana ƙara ɗauri. Iccen da ya tsage ko gara ta ci ba ya hawa inji.

Yaron da ya taɓa korar tsuntsaye a gona da majajjawa ya san abu biyu: gwargwadon saurin wulwulawa gwargwadon yadda igiya ke jan hannu, kuma in aka saki dutse yana tafiya ne a miƙe ta gefen da'irar. Ƙarfin nan ba ya ƙaruwa daidai da sauri, yana ƙaruwa ne da sauri sau sauri. Alal misali, a ɗauki gungumen icce mai kilo 2 wanda tsakiyar nauyinsa ta kauce da santimita 1 kacal. A juyi 500 a minti, yana fizgar madamƙi da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 5 da rabi. A juyi 1,000 ya zama kilo 22. A juyi 2,000 ya kusa kilo 90, wato buhun hatsi guda yana fizgar sandar ta kowace fuska sau 33 a daƙiƙa. Wannan jijjiga ce ke sassauta muƙamuƙai, ta cinye boris.

Masu sana'ar suna da wani ƙiyasi da suke bi: faɗin icce da inci, in an ninka shi da yawan juyi a minti, kada ya wuce tsakanin 6,000 da 9,000. Kwano mai inci 12 ke nan juyi 500 zuwa 750 ya ishe shi, gungumen da ba a daidaita ba kuwa a fara shi ƙasa da haka. A nan ne injinan da masu walda ke haɗawa a gida suke buƙatar lura. Moton da aka fi samu yana juyi kimanin 1,450 a minti a wutar ƙasar nan, wani ma kusan 2,900. Idan fulin moto da na sanda girmansu ɗaya, bakin kwano mai faɗin santimita 30 zai riƙa gudun kilomita 82 a awa. In kuwa aka sa fuli mai santimita 5 a moto, mai santimita 15 a sanda, juyin zai sauko zuwa 483. Ɗalibin da ya iya rabawa ya iya wannan lissafi, kuma zai yi wa kafintan unguwarsu amfani da shi.

Daga darasin majajjawa ne kuma aka san inda ba a tsayawa. Duk abin da ya ƙwace, icce ne ko madamƙi, zai bi layin da yake juyawa ne, wato gaba ko baya ko sama, ba ta tsawon injin ba. Mai kunnawa sai ya koma gefe har juyi ya daidaita, masu kallo ma haka, musamman yaran shago da ke son leƙe. Kusantar da madogarar baya ta tokare iccen muddin aiki ya ba da dama yana rage haɗarin ƙwarai.

A ɗakin aikin makaranta

Lokacin da aka fara tsarin ilimi na 6-3-3-4 a 1982, an shigo da injina masu yawa domin darasin fasaha a ƙananan makarantun sakandare, da dama kuma suka daɗe cikin akwatunansu saboda rashin ɗakin aiki da wuta da malamai. Inda irin waɗannan suka rage, ko a kwalejojin fasaha irin na Farfaru da Runjin Sambo a Sakkwato, injin da ya daɗe a ajiye yana buƙatar a kwance madamƙinsa a duba tsatsa da lafiyar tiredi kafin ɗalibi ya matso.

Mabuɗin madamƙi shi ne abin da aka fi mantawa. Ƙa'idar malamai a ko'ina ita ce hannu ba ya sakinsa sai ya fita daga raminsa, don in aka kunna inji yana ciki, kafin zagaye ɗaya ya zama harsashi. Ɗauke wuta ma yana da nasa tarko: inji ya tsaya, mai aiki ya manta bai kashe ba, ya sa hannu yana gyara icce, wuta ta dawo. Akwai makunni mai maganaɗisu wanda ke sakin kansa da zarar wuta ta ɗauke, ba ya kuma tashi sai an sake dannawa, kuma shi ya dace da kowane injin makaranta. Tufafi kuwa, babbar riga da faffaɗan hannu da jelar rawani da bakin hijabi da carbi a wuya, duk abin da ke lilo madamƙi yana iya naɗe shi. A watan Afrilu na 2011 wata ɗaliba a Jami'ar Yale ta Amurka ta rasa ranta lokacin da gashinta ya naɗe a injin juya ƙarfe tana aiki ita kaɗai da dare. Garkuwar fuska mai rufe goshi har haɓa ta fi tabarau, domin tabarau ido kaɗai yake karewa.

Wajen cirewa, ɗan sukurun nan ake fara sassautawa, in ba haka ba zai yi wa tiredi rami a hanyarsa ta fita. A shimfiɗa katako a kan gadon injin saboda kada madamƙi ya suɓuce ya faɗa kan ƙarfe ko kan ƙafa. In ya ƙi fita, a kulle sandar, a sa sifana mai dogon hannu a bugi ƙarshenta da tafin hannu sau ɗaya da ƙarfi, domin bugu na farat ɗaya ya fi ja a hankali saurin sakin tiredi. Ba a cusa ƙarfe tsakanin muƙamuƙai a banƙara, ba a kuma dukansa da guduma, saboda boris ɗin da ke cikin kan injin shi ke shan dukan.